Kunshin Celery na Debian: apt ya yi nasa, minti 30 na RabbitMQ ne ƙayar

Celery manhajar Python ce da ke tura ayyuka cikin layi don ma'aikata, wato shirye-shiryen da ke gudana a bayan fage, su aiwatar da su. Duk wanda ya taɓa girka ta da pip, mai girka kayan Python, ya san ciwon kan da ke ciki. Manhajar ba ta tafiya ita kaɗai: kombu ke ɗaukar saƙo, amqp ke magana da RabbitMQ, dillalin da ke riƙe saƙonnin a layi, billiard ke raba aiki ga ma'aikata, ga vine ga click. Kowanne da iyakar sigar da zai yarda da ita. Celery 5.2.6 ba ya karɓar billiard 4, kombu kuma sai 5.2.3 zuwa sama. Ɗaya ya zarce, sauran su tsaya cak. Wannan wahalar ce masu kula da kunshin python3-celery na Debian suka ɗauke mana ta apt, mai girka kunshin tsarin, kuma gaskiya sun cancanci yabo. Da apt install python3-celery rabbitmq-server komai zai sauka a daidaice, an riga an gwada su tare. Aikin nasu ba na wasa ba ne: lokacin da Python 3.7 ya mayar da async kalmar da ba a sa wa fayil suna da ita, Celery 4.2 na da fayil mai wannan sunan a cikinsa, dole sai da aka yi masa faci kafin ya zauna a Debian 10 ta 2019. Har ƙin da Debian 12 ke yi wa pip ya taɓa Python ɗin tsarin, wanda mutane ke ta ƙorafi a kai, ni ina ganin daidai ne. Wanda ke son sabuwar siga ya buɗe venv, wato keɓantaccen wurin girka kayan Python.

To, inda raina ya ɓaci shi ne wajen tashi daga Debian 11 zuwa 12. Celery ɗin kansa ya haura daga 5.0 zuwa 5.2 lami lafiya. Dillalin saƙon ne ya sauya hali a ƙarƙashinsa. Debian 11 na ɗauke da RabbitMQ 3.8.9, Debian 12 kuma 3.10.8, a tsakaninsu kuwa, daga 3.8.15, aka ɗora wa'adin amsa saƙo, consumer_timeout, wanda ya tsaya a minti 30. Ma'aikacin da ya karɓi saƙo bai shaida ya karɓa ba cikin wannan lokacin, RabbitMQ zai rufe masa hanyar, ya mayar da duk saƙonnin da ke hannunsa cikin layi.

A ido kamar abin kirki ne. Matsalar tana cikin yadda Celery ke riƙe aikin da aka jinkirta da countdown ko eta. Ba ya barinsa a wurin dillali. Ma'aikaci ne ke janyo shi nan take, ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa, ba zai shaida ba sai lokacin gudanarwa ya yi. Ka ce a tura wa abokin ciniki tunatarwa bayan awa 2, wannan saƙon zai zauna ba shaida har ya haye wa'adin. Minti 30 na cika sai ka ga PRECONDITION_FAILED da lamba 406 a journalctl, inda ake karanta bayanan abin da ya faru a tsarin, ma'aikacin ya faɗi. In ka sa Restart=always a fayil ɗin systemd, mai kunna shirye-shirye a Debian, zai tashi, ya sake janyo saƙon nan dai, ya sake riƙe shi, bayan rabin awa ya sake faɗuwa. Daga nesa komai kore ne, systemctl status na cewa yana aiki. Mafi muni, in ka kunna task_acks_late, saitin da ke jinkirta shaida sai an gama aiki, aikin da ke tsakiyar gudana lokacin faɗuwar zai dawo a sake yin sa daga farko. In aikin cire kuɗi ne ko tura saƙon waya, sau biyu ke nan. Dogon aikin da ya wuce minti 30 shi ma haka yake ƙarewa a wannan saitin.

Gane shi ba wuya in an san inda za a duba. rabbitmqctl list_queues name messages_ready messages_unacknowledged zai nuna adadin da ba a shaida ba yana taruwa, ya koma sifili a lokaci guda, ya sake taruwa. Gyaran layi ɗaya ne a /etc/rabbitmq/rabbitmq.conf, kuma a kula, da milisakan ake rubuta shi: 1800000 shi ne minti 30, awa 6 kuwa consumer_timeout = 21600000. Sai a sake kunna rabbitmq-server. A tabbata lambar ta fi jinkiri mafi tsawo da kake da shi. Ni dai ban yarda da a ɗaga ta zuwa shekara guda a manta ba, don ma'aikacin da ya maƙale zai riƙe saƙo har abada ba wanda ya sani. Jinkirin da ya wuce 'yan mintuna gara a rubuta shi a rumbun bayanai, celery beat, mai tura ayyuka a kan jadawali, ya riƙa leƙawa kowane minti yana tura wanda lokacinsa ya yi.

Ba kunshin ne ya ƙirƙiro wa'adin ba, na sani. Amma dalilin da ya sa mutum ke zaɓar apt shi ne ya huta da irin wannan bazatar, kuma a nan hutun ya tsaya ne a kayan Python irin su kombu da billiard, bai kai ga dillali ba. Ba kuma wannan ne karon farko da haurawa ke cizo ba. Daga Debian 10 zuwa 11 aka tsallaka zuwa Celery 5, inda celery worker -A ya daina aiki, sai celery -A sunan aikin sannan worker. Tsohon fayil ɗin systemd da ba a gyara ba ko tashi ba zai yi ba. Wancan ma da sauƙi, don yana ihu tun minti na farko.

Masu cewa a koma Redis a matsayin dillali a huta su duba visibility_timeout, wa'adin shaida na can, tukuna. Awa 1 ne a can, kuma aikin da jinkirinsa ya wuce haka Redis ba ya kashe ma'aikaci, sake raba aikin ake yi, ya gudana sau biyu ko uku shiru.