Katin Paris Museum Pass: kwana huɗu ina tsere da agogo

Ƙanena da ke karatu a Paris shi ya saya mini katin tun kafin in sauka. Ya ce, "Yaya, da wannan ba sai mun tsaya layin tikiti ba." Na kwana huɗu ne, akwai kuma na kwana biyu da na shida, kuma a waya ya turo mini shi. Da shi mutum zai shiga gidajen tarihi da tsofaffin gine-gine sama da 50 a cikin birnin da kewayensa, kowanne sau ɗaya. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne lissafinsa na awa ne. Daga lokacin da aka fara duba shi a bakin ƙofa an ɗaura maka awa 96, ko ka fita ko kana kwance kana jinyar ƙafa.

Ranar farko, Lahadi, ni na ja mana kunya. Na matsa sai mun fara da babban gidan tarihi na Louvre, ban saurari yaron ba da yake cewa sai an kama lokaci ta intanet. Muka je gaban dalar gilashin da ke ƙofar shiga, aka nemi takardar lokaci, babu. Katin ya biya kuɗin shiga, amma manyan wuraren kamar Louvre da fadar Versailles da Sainte-Chapelle sai ka zaɓi rana da awa tukuna, kuma kyauta ake zaɓa. Nan ya tsaya da wayarsa ya kama mana Litinin da safe, ya samo mana kuma gurbi a Sainte-Chapelle da yammacin Lahadin. Bai ce komai ba, amma na ga murmushin.

Sainte-Chapelle ƙaramin coci ne da Sarki Louis na Tara ya gina, aka keɓe shi a 1248. Yana cikin harabar kotu, saboda haka binciken jaka ya fi na ko'ina tsauri, kuma katin ba ya tsallakar da kowa daga wannan layin. Hawan ƙasa bai burge ni ba, duhu-duhu, ga teburin sayar da tsaraba. Sai muka bi wata matsattsiyar matakala mai murɗewa muka fito sama. Tagogi 15 ne, kowacce tsayinta ya kai mita 15, duk gilashi mai launi, har ka rasa inda bango yake. Rana ta karkata, hasken ja da shuɗi ya zubo a kan farar rigata kamar an tsoma ta a marina. Na fi minti goma ban ɗaga waya ba. Da muka fito muka leƙa Conciergerie da ke maƙwabtaka, inda aka tsare Sarauniya Marie-Antoinette kafin a kashe ta a 1793. Da ba don katin ba da ban shiga ba, kuma da ban yi asarar komai ba.

Louvre kuwa gari ne guda. Kowa Mona Lisa yake nema, mu ma muka bi ayari. Hoton tsayinsa santimita 77 ne kacal, yana bayan gilashi, tsakaninka da shi akwai dandazon mutane kowa ya ɗaga waya sama. Na gan ta, na cika alkawarin da na yi wa 'yata, shi ke nan. Abin da ya riƙe ni yana wani ɓangaren: baƙin dutsen nan na dokokin Hammurabi, sarkin Babila, ya fi mutum tsayi, an zana rubutu a jikinsa ƙanana-ƙanana shekara kusan 3,800 da suka wuce. Sai sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, ƙarƙashin wani rufi mai lanƙwasa kamar mayafi da iska ta ɗaga. Akwai tasoshin tagulla da aka yi wa ado da azurfa, da fitilun masallaci na gilashi masu rubutun ayoyi. Can babu cunkoso, har benci na samu na zauna.

Talata ba a buɗe Louvre, Litinin kuma Versailles da gidajen tarihin Orsay da Quai Branly ne a rufe. Duk mai sayen katin ya rubuta wannan a tafin hannunsa. Mun tafi Versailles ranar Talata a jirgin ƙasa na RER C, ashe duk wanda ya tarar da Louvre a kulle can ya nufa. A Zauren Madubai, mai tsawon mita 73 da madubi 357, tafiya muke kamar a kasuwar Kurmi ana jajiberin Sallah. Duk da haka na tsaya a gefe na ɗan yi tunani. A wannan ɗakin aka sa hannu kan yarjejeniyar 28 ga Yuni 1919 ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka, ciki har da Kamaru da Togo. Wato an zauna a ƙarƙashin fitilun nan an yanke makomar garuruwan da danginmu ke fatauci, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Da muka fito za mu shiga lambu, sai aka ce ranar ta faɗo kan ranakun da ake sa kiɗa a lambun, kuma a irin waɗannan ranakun akwai kuɗi daban da katin bai ɗauka ba. Muka biya. Lambun ya fi cikin fadar daɗi nesa ba kusa ba, ko don iska.

A nan na fara lura da illar katin, kuma illar a cikin kaina take. Tunda na san agogo na tafiya, sai na koma kamar wanda aka gayyata walima yana tsoron kada abinci ya ƙare. Mun dawo daga Versailles ƙafafuna sun kumbura, amma na ce sai mun hau Arc de Triomphe, katafariyar ƙofar tunawa da sojojin Faransa, don kada ranar ta tafi da wuri ɗaya. Matakala 284 ce. Ƙanena ya ce, "Yaya, ba fa gasa ake ba." Na hau ina haki. Daga sama ana ganin tituna 12 sun watsu kamar haƙarƙarin laima, ga hasumiyar Eiffel can tsaye, wadda ita ma ba ta cikin katin. Mun sauko daidai ƙarfe shida da rabi, lokacin da ake sake rura wutar kabarin sojan da ba a san sunansa ba, kamar yadda ake yi kowace yamma tun 1923.

Laraba da safe muka yi Orsay a gurguje, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce da aka mayar gidan zane, sannan Quai Branly, inda kayan Afirka suke. Daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021, waɗanda sojojin Faransa suka kwasa daga fadar Abomey a 1892. Na zagaya ina karanta 'yan takardun da ke ƙasan kowane kaya, ina duba shekarar da ya zo da hannun da ya kawo shi. Wurin ya cancanci yini guda, ni kuma awa biyu na ba shi.

Da dare na haɗa kuɗin tikitin wurare bakwai da na shiga. Ya haura kuɗin katin, amma ba da tazarar da za a yi guɗa ba. Wanda zai shiga wuri biyu a rana, kuma ya kama lokutansa tun yana gida, katin zai yi masa rana. Mai tafiya da yara ya sani 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga gidajen tarihin gwamnati, kada ya saya musu. Wanda kuma Louvre da Versailles kawai ya zo gani, ya sayi tikitinsa ɗai-ɗai ya huta.

Ranar Alhamis da hantsi, saura awoyi kaɗan katin ya mutu, yaron ya tambaye ni ko za mu ƙarasa da Panthéon, ginin da aka binne manyan mutanen Faransa. Na ce a'a, kai ni masallaci. Babban Masallacin Paris aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, hasumiyarsa mita 33. Muka yi Azahar, muka zauna a tsakar gidan shayin da ke jikinsa, aka kawo mana shayin na'ana'a a ƙananan kofunan gilashi. Na zare takalmi a ƙarƙashin tebur, tsuntsaye suna sauka suna tsintar ɓurɓushin alkaki a gefen faranti. Na ce masa ya ƙaro mana kofi biyu.