Gargaɗi Kan Masu Damfara da Sunan Gyaran Kumfar Injin Wanki

Ina jan hankalin magidanta da matan gida, musamman amaren da aka sa musu injin wanki mai sarrafa kansa a cikin kayan ɗaki, game da wata cuta da ake yi wa mutane ta hanyar kumfa. Inji yana tsakiyar aiki sai kumfa ta rufe gilashin ƙofarsa, ta fara tsiyayowa ta aljihun zuba omo, injin ya tsaya cak, wasu haruffa su fito a fuskarsa. A injinan Samsung ana ganin Sud ko 5d, wasu kamfanonin kuma suna rubuta Sd. Hankalin matar gida ya tashi, ta kira mai gyara, kuma daga nan ne ake fara cin kuɗinta ba gaira ba dalili.

Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne waɗannan haruffa ba su nufin inji ya lalace. Sanarwa ce cewa kumfa ta yi yawa, kuma injin ya dakata ne da gangan domin ta kwanta, sannan ya ƙara ɗauraya. Inji mai ƙofa a gaba ruwa kaɗan yake sha, yana wanki ne ta hanyar ɗaga tufafi sama ya sako su ƙasa. Idan kumfa ta cika tukunyar, tufafin ba sa faɗowa da ƙarfin da zai fitar da datti, famfon da ke fitar da ruwa ba ya iya jan kumfa yadda yake jan ruwa, na'urar da ke auna yawan ruwan ciki kuma sai ta rikice. Mun saba da wankin hannu, inda ake ganin yawan kumfa shi ne alamar sabulu mai kyau, kuma inji mai tukunya biyu da ya fi yawa a gidajenmu yana jure wannan ɗabi'a. Mai ƙofa a gaba ba ya jurewa. Wannan giɓin sani ne macutan suke ci da shi.

Damfarar takan fara ne daga mai sayar da sabulu. Ana tallata wani sabulun ruwa a zaurukan WhatsApp na mata da shafukan Facebook, cikin jarka mai kyau da takarda manne a jiki ɗauke da hoton injin wanki, ana cewa na musamman ne daga waje kuma ya fi na kanti araha. Alhali sau da yawa sabulun da ake haɗawa a gida ne, irin wanda ake koyarwa a wuraren koyon sana'a, da ake zuba masa teksafon, wato sinadarin haɗa sabulun ruwa, da sinadarin ƙara kumfa domin ya burge mai wanke-wanke. Ba na ganin laifin matan da ke wannan sana'a, domin sabulunsu yana da amfani a wanke kwanuka da goge daɓe, kuma da yawa suna rufa wa kansu asiri da shi. Laifin yana kan wanda ya san abin da ke cikin jarkar, ya sauya masa suna, ya ce na inji ne. Idan aka duba takardar da kyau ba za a ga lambar rajistar NAFDAC ba, ba adireshin masana'anta, ba ma'aunin da za a zuba.

Da kumfa ta ɓalle, aka koma wa mai sayarwa da ƙorafi, sai ya rantse cewa sabulunsa lafiya ƙalau yake, matsalar daga inji ce, ya kuma ba da lambar wani mai gyara da ya ce ya yarda da shi. Mai gyaran yakan zo da rana, lokacin da maigida ba ya nan. Zai kalli haruffan ya girgiza kai ya ce, “Hajiya, ai fanel ɗin ne ya ƙone, Allah ya rufa asiri da kika kira ni da wuri, da motar da ke juya tukunyar ma ta tafi.” Zai kwance murfin sama ya cire fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, wanda yana cikin sassa mafiya tsada, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ya tafi da shi shago. Kafin ya dawo kumfar ta daɗe da kwanciya da kanta, saboda haka ko allon da ya cire ya mayar, injin zai tashi, a yi masa godiya har a ƙara masa na mota. Mafi muni shi ne wanda zai riƙe allon injin na asali ya sayar, ya ɗaura na gwanjo a madadinsa. Idan injin yana cikin wa'adin garanti kuwa, buɗewar da baƙon hannu ya yi tana iya sa kamfani ya ƙi karɓar alhakin gyara daga baya. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, domin akwai injin da uba ya yi shekara yana tara kuɗinsa saboda 'yarsa.

Wasu kuma suna ƙarawa da sayar da ƙaramar kwalba da suke kira maganin kumfa, wadda ba wanda ya san abin da ke cikinta. Kada a zuba wa inji ruwan da ba a san asalinsa ba, domin idan mai tsami ne irin ruwan kal, ya haɗu da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne ga mai shaƙarsa.

Abin da ake yi idan kumfa ta yi yawa ba ya bukatar mai gyara. Idan ta zubo ƙasa, a fara kashe soket da busasshen hannu, a goge wurin. Idan ba ta zubo ba, a ƙyale injin ya huta har ta kwanta, domin da yawa suna ci gaba da aiki da kansu. Bayan haka a sa shi ɗauraya da matsewa ba tare da sabulu ba, a maimaita har ruwan ya washe. Cokali ɗaya na ruwan laushin tufafi da aka dama a kofin ruwa, aka zuba ta aljihun omo, yana karya kumfa da sauri. Sai a zaro aljihun a wanke ragowar sabulun da ya daskare a ciki. A ƙasan injin ta gaba akwai wata 'yar ƙofa, a bayanta matatar famfo take. A kashe wuta, a bari ruwan ya huce, a shimfiɗa tsumma da faranti mai faɗi, a murɗe ta a hankali. Abin da ake samu a ciki yakan ba da mamaki: fil ɗin ɗankwali, maɓalli, zare, bawon gyaɗa daga aljihun yara. Toshewar wannan matata kaɗai tana iya hana ruwan sabulu fita har haruffan su riƙa dawowa.

Daga nan sai a sauya sabulu zuwa wanda aka rubuta a jikinsa cewa na inji mai sarrafa kansa ne, a bi ma'aunin da ke kan leda, a rage idan tufafin ba su da yawa. Mai wanki da ruwan sama da aka tara da damina ya ƙara ragewa, domin ya fi ruwan rijiya mai gishiri-gishiri tayar da kumfa.

Idan an yi duk wannan, aka kunna injin babu tufafi babu sabulu amma sanarwar ta sake fitowa, to akwai yiwuwar famfon ko na'urar auna ruwan sun samu matsala da gaske. A nan sai a ɗauko rasit da katin garanti a nemi cibiyar gyara ta kamfanin ko shagon da aka sayi injin. Duk wanda zai taɓa shi, kada a bari ya fita da wani sashe ba tare da an ɗauki hoton sashen da lambobin jikinsa ba, kuma a sharɗanta masa cewa tsohon da ya cire a gida zai bar shi. Wanda aka riga aka cuta a Nijeriya ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin da suka yi, ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, jarkar sabulun marar rajista kuma a sanar da ofishin NAFDAC na jiharsa.