Seestar S50: daren da na kama M83 a bayan gari

Wata shida ke nan da na'urar hangen taurari ta Seestar S50 ta shigo hannuna, amma sai a watan Mayu, da ruwan farko ya wanke sama, na san abin da na saya. A Disamba dare uku na yi ina bin gungun taurarin NGC 1365, hazo ya hana, dishi-dishi kawai nake samu.

Na'urar 'yar ƙarama ce, ba ta kai kilo uku ba, a bayan babur nake ɗaure ta. Faɗin madubinta milimita 50. Ka kafa ta, ka haɗa da waya, ka zaɓi abin da kake nema, da kanta za ta juya ta nemo shi. Ba a leƙawa da ido, a fuskar waya ake kallo. Hoto take ɗauka na daƙiƙa goma-goma tana ɗora wani kan wani.

Wajen ƙarfe goma na dare muka isa gonar kawuna ni da ƙanena, babu farin wata. M83, gungun taurarin da muka je nema, tana kudu, ta ɗaga sosai, ga su kuwa mutanen Turai a ƙasa-ƙasa take fito musu. Da farko farin tabo ne kurum. Can bayan minti ashirin sai tabaryar ta bayyana, wato taurarin da suka jeru suka ratsa cibiyarta, ga hannuwa sun taso daga bakunan tabaryar suna naɗewa kamar gammo. Ƙanena ya ce, "Yaya, da gaske ne ko zane?" Na ce masa hasken nan shekara kusan miliyan 15 ya yi a hanya. Tsigar jikina ta tashi da na tuna masanin taurari Lacaille, wanda ya gano ta a 1752 daga Afirka ta Kudu, ɗan tabon nan kaɗai ya gani. Gungun da ranarmu ke ciki ma mai tabarya ne.

Ƙaramin madubi yana da iyaka: gungu mai nisa irin NGC 1300 kamar ƙwayar gero zai fito. In ana iska, a samar wa na'urar kariya. Batirin ya kai mu har ƙarfe biyu bai mutu ba.

Dala 499 ce kuɗinta da ta fito a 2023, ban da kuɗin kawowa. Ni dai ban yi nadama ba. In Allah ya kai mu ƙarshen damina, kafin hazo ya sauko, zan koma wa NGC 1365 da tsakar dare.