Monokulonal ko folikulonal: wanne ya dace da auna CCR5 da CXCR4?

Malama, tambayarki daga Kumasi ta iso. Kina son auna CCR5 da CXCR4, furotin biyu da ke fatar ƙwaya, a jikin ƙwayoyin CD4 (wasu fararen ƙwayoyin garkuwar jiki) na jinin mutane, kuɗin bincike kaɗan ne, dillali kuma ya kawo miki farashi biyu: antibodi (abin da ke kama furotin ɗin da ake nema) monokulonal, wato iri guda mai kama wuri guda, mai launi a jikinsa, mai tsada, da folikulonal na zomo, wato gaurayen iri da yawa, mai araha wanda takardarsa ta ce yana aiki a westan bulot (gwajin da ke nuna furotin a matsayin layi bayan an raba shi a jel). In dai da injin fulo, mai auna hasken launi a jikin ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, za ki yi aikin, monokulonal za ki saya. Arahar ɗayan ba za ta yi miki rana ba.

Dalilin yana cikin ƙirar furotin ɗin. CCR5 da CXCR4 masu karɓar saƙon kemokain ne (ƙananan furotin da ke kiran ƙwayoyin garkuwa), kuma irinsu suna ratsa fatar ƙwaya sau 7, abin da ya leƙo waje kuwa kaɗan ne: kan furotin da ake kira N, sai gajerun lanƙwasa 3. Wutsiyar C tana can ciki. Folikulonal da yawa ana samun su ne ta hanyar yi wa zomo allurar ɗan guntun furotin, sau da yawa daga wannan wutsiyar. A ƙwaya mai rai antibodin ba shi da hanyar kai wa gare ta. Idan kika huda fatar don ya shiga, sai ya haɗa da na ajiyar ciki, alhali CXCR4 yana da ajiya mai yawa a ciki, ke kuma na waje kike nema, domin shi ne ƙofar da HIV ke bi, kamar yadda aka gano a 1996. Ga kuma bambancin zubi: kowane zomo da irin nasa, kwalbar bana ba lallai ta ba ki abin da ta bara ta bayar ba.

Monokulonal irin su 12G5 na CXCR4 da 2D7 na CCR5 sun san furotin ne a naɗe, yadda yake zaune a fatar ƙwaya. Nan ƙarfinsu yake, nan ma rauninsu. Da an warware furotin da sabulun SDS, sun daina gane shi, saboda haka kada ki sa ran su a westan bulot. Kuma idan kika daskarar da ƙwayoyi da farafomaldihaid (sinadarin da ke kafe su, ba sanyin firiza ba) kafin rini, wato kafin zuba antibodi mai launi, hasken na iya raguwa. Rini tukuna, sannan daskarwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wanda dole ne ma idan jinin masu HIV ne.

Ko a cikin monokulonal ɗin ma akwai zaɓi, kuma a nan mutane suka fi tafka asara. 2D7 yana kama lanƙwasa ta biyu ta CCR5, wurin da kemokain irin CCL5 ke sauka, don haka yana iya toshe shi. 3A9 kuma ɓangaren kan N yake kamawa. Haka 12G5: maganin AMD3100, mai toshe CXCR4, yana gasa da shi a wurin kamu, sai ki ga haske ya faɗi ki ɗauka CXCR4 ya ɓace, alhali yana nan. 1D9 da ke kama kan N bai damu da maganin ba. Duk aikin da za ki zuba magani ko kemokain a kan ƙwayoyi, sayi monokulonal iri biyu masu wurin kamu daban, ta haka za ki bambance toshewa da shigewar furotin cikin ƙwaya. In kuma toshewar kike so ki gwada a ƙwayoyi masu rai, nemi zubin da ba shi da azaid (sinadarin da ake zuba wa antibodi don kada ya lalace), domin azaid guba ne ga ƙwaya.

Launi: CCR5 ba shi da yawa, kuma galibi a ƙwayoyin T masu CD45RO (alamar waɗanda suka taɓa haɗuwa da cuta) yake. A sakamakon injin ba ya ba da tudu biyu a rabe, na masu shi da na marasa shi, shafe yake fitowa. Ba shi launin PE ko APC masu haske sosai, ki bar launin FITC ga alamomin ƙwayoyin T, wato CD3 ko CD4. Ki haɗa da bututun FMO, wato wanda aka zuba masa dukkan launuka ban da na CCR5, da shi ake sanin inda za a ja layi.

A ganinmu jini ɗanye ya fi. Mikirolita 100 na jinin da aka ɗiba da EDTA (sinadarin hana jini gudaji) a bututu, a rina cikin awanni kaɗan da ɗiba, minti 20 zuwa 30 a duhu, sannan a fasa jajayen ƙwayoyi. Raba fararen ƙwayoyi da ruwan Ficoll, daskarewa a firiza, ko barin jini ya kwana duk suna canza adadin, musamman CXCR4 da kan hau idan ƙwayoyi sun daɗe a ajiye. In samfur daga asibitin gunduma zai zo, rubuta lokacin ɗiba a jikin kowane bututu. Sannan "zafin ɗaki" da takardar kamfani ke nufi digiri 20 zuwa 25 ne, ba ɗakin Kumasi na watan Maris da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya ba. Idan kin ƙara CCR7, wani mai karɓar saƙon kemokain, shi ya fi kamuwa a digiri 37, sai ki rina shi daban kafin sauran.

Kuɗin kuma a nan ake rage shi: kamfani yakan ce mikirolita 5 a kowane gwaji. Gwada 5, da 2.5, da 1.25, ki ga inda haske ke fara faɗuwa. Sau da yawa rabi ya wadatar, kwalba ɗaya ta yi aikin biyu.

Folikulonal yana da ranarsa a westan bulot da yankan nama. Sai dai kada ki tafasa samfurin a digiri 95 kamar sauran furotin, domin irin waɗannan dunƙulewa suke yi su maƙale a saman jel. Digiri 37 na minti 30 ya isa. Nauyin CCR5 da CXCR4 a lissafi wajen kDa 40 ne (kDa ma'aunin nauyin furotin ne), amma sukarin da ke jikin CXCR4 kan ɗaga layinsa sama da haka. Layi a wurin da ake tsammani ba hujja ba ne sai an ga ya ɓace a ƙwayar da ba ta da furotin ɗin. A Turai ana samun jinin waɗanda suka gaji CCR5-Δ32 daga uwa da uba, sauyin halittar da ke hana CCR5 fitowa a fatar ƙwaya, a yi wannan gwajin da shi, amma a Afirka ta Yamma wannan sauyin kusan babu shi. Madadinsa shi ne ƙwayoyin ɗakin gwaji, waɗanda aka saka wa CCR5 da waɗanda ba a saka wa ba. Tambayi abokan aiki a cibiyoyin bincike na KCCR da ke Kumasi ko Noguchi da ke Accra ko akwai mai irinsu.

Ranar da kaya suka iso, taɓa ƙanƙarar kwalin kafin ki sa hannu. Ajiya a digiri 2 zuwa 8, a duhu, nesa da bangon bayan firji inda ruwa ke daskarewa, domin ƙanƙara tana lalata PE. Saboda dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, firjin ya kasance wanda ke kan janareta.