Mai shokozoba biyu ko marar shokozoba? Ni dai ga wanda zan ce ka ɗauka

Malam, ka tambaya wane keke za ka saya, mai shokozoba biyu ko marar shokozoba. Tunda hanyar taku shimfiɗaɗɗiya ce, ta ƙasa mai 'yar tsakuwa, kuma da masu tafiyar ƙafa da masu yawo da karnuka duk a kanta kuke haɗuwa, kada ka wahalar da kanka: ɗauki marar shokozoban nan. Duka biyun na hau, ɗaya da kuɗina na sayi nadama.

Wanda nake hawa yanzu marar shokozoba ne, shekararsa shida a hannuna. Firam ɗin alminiyam ne, na taɓa ɗora shi a sikeli ya ba ni kilo 13, faɗin tayarsa milimita 38, birkinsa irin na roba mai kama gefen gargare. Ba shi da wani kwalliya, har abokaina kan ce keken tsofaffi ne. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na tarar iska ta kayar da itace ya tare hanya gaba ɗaya. Hannu ɗaya na sa na saɓa shi a kafaɗa, na tsallake, na ci gaba da tafiyata. Ban yi nisa ba, a wata kwana, sai ga wani ɗan kare ya tsallako gabana, mai shi tana can ɗaya gefen riƙe da irin igiyar nan mai fita daga cikin roba tana komawa da kanta. Siririya ce kamar zaren dila, ba ka ganinta sai ka zo dab. Na damƙe birki, keken ya tsaya cak, igiyar saura taƙi ɗaya ta shiga taya. Karen ya zo ya shinshina fedata, baiwar Allah tana ta ba da haƙuri, muka rabu da dariya. Tun ranar na daina jin haushin masu ce masa keken tsofaffi.

Shi kuwa mai shokozoba biyun, kyan ɗan maciji ne. Abin da zan yaba masa shi ne yana fita a hoto. Kilo 18, kuma duk feda ɗaya da ka taka sai sifirin ɗin baya ya fara haɗiye rabonsa kafin abin da ya rage ya kai ga taya. Wata takwas na yi da shi na rabu. Irin wannan keke asalinsa keken tsauni ne, wanda aka fara a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, tun ba a sa masa shokozoba ba, don masu gangarowa daga kan tsauni a guje, kuma na gaskiyarsa akwai mai a cikin shokozoban da ke hana shi tsalle-tsalle. Na arahan sifirin ne zalla. A hanya irin taku babu abin da zai tare maka, sai dai ya ƙara maka kaya.

Maganar taya ita ce ya kamata ka tsaya a kai. Mai manyan haƙoran nan ta laka ce, a kan busasshiyar ƙasa sai gurnani da ja da baya. Nemi mai ƙananan zane, tsakanin milimita 35 zuwa 45. In akwai wuraren yashi, ɗauki mai faɗin, ka ɗan rage mata iska amma kada ka sauka ƙasa da ƙaramar lambar iskar da aka rubuta a gefenta. Ita ce za ta yi maka aikin shokozoba. Giya kuma kada a ruɗe ka da "ashirin da ɗaya": uku ne a gaba sau bakwai a baya, da yawansu ma kusan maimaici ne. Bakwai ko takwas sun ishe ka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Za ka ga an manna sitikar Shimano, shahararren kamfanin kayan keke, ɓaro-ɓaro a jikin firam, alhali ɗan abin canza giyar baya kaɗai ne nasu, wani lokacin ma shi ɗin jabu ne. Duba jikin ƙarfen da kansa, can ake buga sunan. In aka ce maka alminiyam ne, tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne, an yi maka ƙarya. In na hannu ne kuma ka ga sabon fenti yana sheƙi daidai wurin walda, sa yatsa ka shafa, sau da yawa tsagewa aka rufe. Sannan ka kifa keken ka duba ƙarƙashin wurin feda, nan lambar firam take zama. In an goge ta ko an kankare, ajiye musu kayansu ka yi gaba, kada ka sayi rigimar kayan sata. Wanda ya hana ka hawa ka gwada kuwa, ya riga ya gaya maka komai.

In ka saya, kafin ka bar wurin a ɗaura maka ƙararrawa. Mai keke shi ke ba mai tafiyar ƙafa hanya, kuma ka riƙa kaɗa ta tun daga nesa, don kare in ya ji ta a bayan kunnensa, gabanka yake faɗowa.