Ƙaramin kwandon waya a kariyar roba-roba, ya yi ko bai yi ba?

Gaskiya samun ƙaramin kwando da zai zauna daidai a kariyar bayan babur roba-roba ba ƙaramin aiki ba ne, don yawancin abin da za ka gani a kasuwa ko a intanet akwatin nan ne mai murfi da makulli irin na kamfanin Givi ko Shad, mai cin lita 28 zuwa 30 ko sama da haka, shi kuwa wanda yake son ɗan abin jefa leda ɗaya ko rigar ruwa wannan ya yi masa yawa. Akwatin yana da kyau ban ce ba, yana hana ruwa kuma hular kwano tana shiga, amma yana sa mashin ya yi ƙato ta baya, kuma abin da ya fi murfin tsawo ba zai shiga ba sam. Shi ya sa ni na koma wajen kayan keke, can ne kwanduna suke da yawa.

Wanda na ɗauko na wayar ƙarfe ne baƙi, an lulluɓe shi da roba, faɗinsa wajen santimita 35, zurfinsa kamar 20, ba murfi. Na kariyar keke ne aka yi shi amma ya hau ta mashin ɗina ba tare da an kai wa mai walda ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma wannan ne babban abin da ya sa nake yaba masa, saboda mutane da yawa ba sa duba rubutun da ke jikin kariyarsu. Je ka duba naka, ko ka buɗe littafin mashin ɗin, za ka ga galibin waɗannan ƙananan kariyoyin kilo 3 ne zuwa 5 aka yarda su ɗauka, kuma nauyin kwandon kansa yana ciki fa. To in ka ɗora akwati mai nauyi ka ga tun ba ka sa komai ba ka cinye wani kaso. Kuma kariyar tana bayan tsakiyar tayar baya ne, duk kilon da ka ƙara a can yana rage wa tayar gaba riƙon ƙasa, sai ka ji kan mashin yana rawa a hannunka musamman in za ka sha kwana ko kana tafiya a hankali cikin cunkoso. Kaya masu nauyi but ɗin ƙarƙashin sit ne wajensu, ko tsakanin ƙafafunka in mashin ɗinka mai shimfiɗaɗɗen wajen taka ƙafa ne.

Inda kwandon ya gaza shi ne kayan ɗaurin da ya zo da su. Wasu siraran faranti biyu ne da ƙananan noti, an yi su ne don sandunan kariyar keke waɗanda sirara ne, na mashin kuwa sun fi kauri kuma ga jijjigar inji wadda keke ba shi da ita. Shawarata kar ma ka ɓata lokaci da su. Nemi ƙarfen nan mai siffar U mai zare a bakinsa biyu, guda biyu ko huɗu gwargwadon sandunan kariyarka, da washa mai faɗi don kar wayar kwandon ta lanƙwashe, da noti mai roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi. Sannan ka yanko tsohon tiyub ka shimfiɗa tsakanin kwandon da kariyar, wannan shi ne zai kashe ƙarar kacau-kacau ɗin nan a gargada kuma fenti ba zai goge ba. Wasu da robar ɗaure waya kawai suke kama shi, tana riƙewa na ɗan lokaci amma rana tana busar da ita ta karye ba sallama.

Kafin ka ƙara matse noti, buɗe sit ɗinka gaba ɗaya ka gani. A yawancin roba-roba sit daga baya yake ɗagawa, wasu ma bakin tankin mai a ƙarƙashinsa yake, in kwandon ya matso gaba da yawa sit ba zai ɗagu ba. In kuma ka tura shi baya sosai zai iya rufe danja ko sigina ga mai mota da ke binka a baya. Nawa sai da na ja shi baya kaɗan, kuma duk da haka wanda na goya yana jin bakin kwandon a ƙugunsa, ba daɗi sosai ga doguwar tafiya.

Tunda ba murfi, raga mai ƙugiya dole ce, in ba haka ba ramin farko zai cillar maka da kaya a titi. Ka kula kar igiya ko hannun leda ya riƙa lilo kusa da taya ko salansa. Ƙananan abubuwa irin makulli ko biro suna zurarewa ta ramukan wayar, ni na sa ɗan kwali mai tauri a ƙasan. Ruwan sama kuwa yana ratsawa ya wuce, bai taruwa, amma kayanka za su jiƙe sharkaf, kuma duk inda robar jikin wayar ta ɓare tsatsa tana kamawa da wuri, nawa ta fara a wajen da notin ya matse, na ɗan shafa masa fenti.

Ga mai ɗaukar ƙananan saye-saye zuwa gida ina ba kwandon maki huɗu cikin biyar, maki ɗayan kuwa kayan ɗaurin ne suka cinye shi. Wanda yake ajiye mashin a waje ya tafi ya bar kaya a kai, ko mai goyo kullum, shi kam ya nemi akwati mai makulli ko kwandon gaba.