Tiyon roba, jan ƙarfe ko mai saƙa: wanne za a ja wa firij mai yin ƙanƙara?

Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon firij. Kin ce mai aikin famfo ya zo da farin tiyon roba zai ja ruwa zuwa injin ƙanƙarar, maƙwabcinki kuma ya ce kada ki yarda, a sa na jan ƙarfe. Akwai ma na uku da ba su ambata miki ba, wato tiyo mai saƙar ƙarfe a jikinsa. Yawancin firij bakin kwatan inci ne da su, kuma duk ukun ana samun su a wannan girman.

Na roba shi ne mafi arha, kuma ya fi saurin sakawa, domin yana lanƙwasa ya bi bayan kabet ba gardama. Laifinsa shi ne ba ya jure wahala. Zafin bayan firij yana busar da shi a hankali har ya tsage, ɓera kuma ba ya raga masa. Na taɓa shiga wani kicin da masu gidan suka yi tafiyar kwana uku, ɓera ya huda tiyon huji ɗaya kamar na allura. Ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kabet, katakon ya kumbura, buhun shinkafar da ke gefe ya jiƙe har rabi. Idan dole shi za a sa, a tabbata an cusa ɗan siririn bututun ƙarfen da ke hana bakin tiyon lotsewa a cikin bakinsa kafin a ɗaure noti, kuma zoben da notin ke matsewa a jikin tiyon ya zama na roba, don na ƙarfe yana yanka shi.

Jan ƙarfe ya fi duka daɗewa. Ɓera ba ya iya masa, zafi ba ya damunsa, amma yana son hannun da ya iya. Da an lanƙwasa shi da ƙarfi sai ya ƙulle, ruwa ya daina wucewa, nan gaba kuma wurin ya tsage. Shi ya sa ake barin kamar mita 2 da rabi a naɗe shi zagaye uku a bayan firij, don ranar da za a jawo shi a yi shara kada ya karye.

Mai saƙa kuwa roba ce a ciki, an lulluɓe ta da saƙar ƙarfen da ba ya tsatsa. Yana zuwa da noti a kowane baki, a ɗaura da hannu a ƙara matsewa kaɗan da sifana, shi ke nan. Sai dai ba a yanka shi, tsayin da aka saya shi ne tsayinsa.

Ni dai idan famfon yana kusa da firij, mai saƙa zan sa. Idan ruwan zai yi doguwar tafiya ta bayan kabet inda ido ba ya kaiwa, jan ƙarfe. Na roba ba na sa shi a gidan da ake ajiye hatsi.

Wurin da za a ɗebo ruwan ma abin lura ne. A yanka bututun ruwan sanyi a sa mahaɗi mai baki uku da ɗan makulli nasa, yadda in an samu yoyo za ki rufe na firij kaɗai. Akwai wani makulli da ake ɗaurawa a jikin bututu ya huda shi da tsini. Kada ki yarda da shi, hujinsa ƙarami ne, yana toshewa kuma yana ɗiga.

Amma Hajiya, abin da ya fi damuna ba tiyon ba ne, ƙarfin ruwan gidanki ne. Littafin yawancin waɗannan firij yana neman aƙalla psi 20, wasu ma 30 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin matsin ruwa), domin an yi su ne don gidajen da ruwa ke zuwa da matsi. Mu kuwa daga rijiyar burtsatse muke tura ruwa tanki, shi kuma ya gangaro da nauyinsa. Kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba da kusan psi 1.4 ne kawai. Tankin da ke mita 5 sama da kicin psi 7 zai ba ki, sai ya kai wajen mita 14 kafin a samu 20. Injin ƙanƙarar ba ya auna ruwan da ya shiga, a yawancinsu ƙofar ruwan tana buɗewa ne na 'yan daƙiƙoƙi ta rufe. Idan ruwan ba ƙarfi, sai ki ga ƙanƙarar ta fito ƙanana, in kin ɗaga ɗaya a haske cikinta fayau kamar ɓawon ƙwai, ki matsa da yatsa ta fashe. Wani lokaci ƙofar ba ta rufuwa sosai, ruwa ya riƙa ɗiga yana daskarewa har ya toshe hanyar. Mutane da yawa sun ɗauka firij ɗinsu ne ya lalace, alhali tanki ne bai kai ba. Maganinsa ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa, a sa shi a layin kicin.

Don haka kafin a sayi ko inci ɗaya na tiyo, mai aikin ya duba littafin firij ɗin, ya auna tsayin tanki. Idan ruwan burtsatsen yana da yashi, a sa matatar ruwa kafin ya shiga firij, ita kuma ta cikin firij ana canza ta duk wata 6. Bayan an haɗa, a fara tsiyaye ruwan a bokiti har ya fito tas, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin mahaɗan a duba ta washegari ko ta jiƙe, sannan ƙanƙarar zubin farko da na biyu a zubar da ita.